Yadda Na Shiga Birnin Sarmadan ta Ƙofar Kurkuku

Wadda ta fara ba ni labarin Birnin Sarmadan jikata ce, Juwairiyya, ranar da take haɗa kayanta za ta tafi karatun jinya ƙasar Masar. Da sunan Allah nake farawa, wanda ya yi ƙasashen da aka sani da waɗanda ba a sani ba, ya yi tafiyar da ake yi da ƙafa, ya yi wadda ake yi ana zaune a kan tabarma. Ni ce Tabawa 'yar Malam Barau ta Gumel. Aji uku na yi a yaƙi da jahilci, don haka wanda ya ga rubutuna ya karkace, ya miƙe shi da kansa. Ni dai labarin nake so in ajiye.

Juwairiyya ta ce, "Tsohuwa, ke in aka kira ki a waya, da an gaisa kin fara 'to sai an jima'. Akwai wata duniya a cikin babbar wayar nan da zan bar miki. Na gina gida a can. Duk Juma'a bayan la'asar zan shiga, ke ma ki shiga, mu zauna mu yi hira kamar a tsakar gida."

Na ce, "Aljanu ne a ciki?"

Ta ce, "Wasa ne. Wasu mutane ne irinmu suna shiga daga garuruwansu, wasu kuma na'ura ce ke motsa su. Abu ɗaya za ki riƙe, a can sai kina kusa da mutum za ki ji muryarsa."

Kwana uku tana koya wa babban yatsana tafiya. Ta yi mini jiki, doguwar mace mai faɗin kafaɗa. Ta ce in zaɓi makami, ga takobi ga baka. Na hango wata taɓaryar ƙarfe a gefe na ce ita nake so, don ita ce hannuna ya sani. Sai da muka gama duka, ta ce kamar ba komai ba, "Kaka Turai ma na koya mata."

Malama Turai ita ce kakarta ta wajen uwa, surukata ke nan. Shekara talatin tana shugabar makarantar 'yan mata, Turanci a bakinta kamar ruwan famfo. Shekara ashirin da biyu muna gaisuwar girma da ita, ba mu taɓa faɗa ba, ba mu kuma taɓa dariya tare ba. Ni na yi wa yarinyar nan wankan jarirai, ni na yaye ta, a bayana ta yi ƙyanda. Amma da tafiya ta zo, Malama ce ta iya cika mata takardu, ni kuwa aka bar ni da dakan yaji.

To, na shiga. Ƙasa ce mai rana biyu, ɗaya fara, ɗaya ja kamar manja. Koginta sama yake hawa, daga kwari zuwa kan dutse, kifaye suna binsa ba sa mamaki. Itatuwanta ganyen gilashi gare su, in iska ta kaɗa sai ka ji kamar ana wanke kofuna. Abin da ya fi duk wannan a wurina, gwiwoyina sun daina ciwo. Na yi gudu. Ni da rabona da gudu tun ina goyon autana, na yi ta zagaya wata bishiya ina dariya ni kaɗai.

Juma'ar farko na riga kowa isa. Birnin Sarmadan ganuwarsa ta baƙin dutse ce, ƙofarsa ɗaya, dakarun da ke gadinta suna sanye da hulunan tagulla, kuma duk fuskarsu iri ɗaya ce, har tabon haɓa. Suka bar ni na wuce. Ina neman gidan Juwairiyya sai na ga wata ƙofa a buɗe. Na yi sallama sau uku. Wani mutum yana tsaye a ciki ya ba ni baya yana kallon bango, bai amsa ba. Na leƙa, sai ga kwanuka bakwai a kan tebur duk da sauran miya, ga burodi yashe a ƙasa. Ni ban iya ganin abinci a ƙasa in tsallake ba. Na ce a raina wannan bawan Allah ba shi da mai kula da shi. Na ɗauke burodin, na tattara kwanukan cikin jakata, na nufi wurin ruwan da na gani a dandali don in wanke masa.

Ƙafata na taka waje aka buga ƙararrawa. Dakaru suka yo kaina suna ta ihu da Turanci. Na farkonsu, yaron da bai kai autana ba, ya nuna ni da mashi. Ban yi shawara da kowa ba na sauke masa taɓarya a kan hula. Daga nan sai duhu.

Na farka a bakin wata rijiya, can nesa da birni. Rijiyar Farkawa ake ce mata, duk wanda aka kashe a can yake tashi. Ga wani jan tabo yana lilo a bisa kaina kamar garwashi. Wani matafiyi ya zo shayar da dokinsa, mutum ne na gaske, daga muryarsa na gane Bamaraɗe ne. Ya dube ni ya ce, "Hajiya, me kika ɗauka? Wannan jan ai alamar ɓarawo ce." Kafin in haɗa amsa ya hau ya tafi.

Ɓarauniya. Ni Tabawa, da ko allurar maƙwabciya ban taɓa kwana da ita ba. Kuma a garin da surukata take shiga tana fita.

Da Juwairiyya ta kira ni a waya tana tambayar me ya hana ni zuwa, na ce netwok ne. Juma'a ta biyu na ce baƙi na yi. Ta uku na ce ni hayaniyar birni ba ta yi mini ba. Alhali kuwa duk ranar ina can. Sai in je ƙofa, su hango jan tabon, su rugo da masu, in ɗaga taɓarya, in kayar da biyu ko uku, in farka a rijiya. Daga nan in hau wani tudu da ke kallon birnin in zauna.

Daga tudun nan nake ganin Malama Turai tana zuwa. Farar riga har ƙasa, a kan wata ƙatuwar farar barewa. Ita ba ta riƙe makami ba, aikin warkarwa ta zaɓa, duk wanda ta ɗora wa hannu sai rauninsa ya rufe. Dakarun da ke farauta ta kamar kura, ita sai su buɗe mata hanya har da sunkuyar da kai. Jim kaɗan sai in hango su a kan soron gidan, ita da jikata mai koriyar riga, suna zaune kafaɗa da kafaɗa. Ina ganin hannuwansu suna motsi, ba na jin ko kalma. Na sha zama a wurin har ranakun nan biyu su faɗi, ina cewa ko me take gaya mata haka, ita da ko goyo ba ta iya ɗaurawa da kyau ba.

Sai na yi niyyar neman dabara, ko da za ta kai ni bangon duniya.

Na ji labarin wata masaƙiya mai hannu shida a Fadamar Hayaƙi, wadda ke saƙa mayafin da ke ɓoye mutum. Na keta dajin gilashi, na haye gadar da ke numfashi, na same ta tana jefa ƙoshiya uku a lokaci ɗaya. Ta ce sai na kawo mata gashin tsuntsun da ke kwana a bayan kada. Kadan nan ya kai tirela tsawo. Jarumai na gani da sulke suna faɗa masa, yana haɗiye su ɗaya bayan ɗaya. Ni kuwa na samu gindin bishiya na zauna ina kallo. Shekara hamsin ina daka da mata biyu a turmi ɗaya, na san abin da ke tafiya da ƙidaya. Na lura in ya kaɗa wutsiya sau uku sai ya yi hamma, kuma hammar tana kai bugun taɓarya tara. Na jira ta zo. Ɗaya, biyu, na hau wutsiya. Biyar, na tsige gashin. Takwas, ina kan tudu ina gyara ɗankwali. Wani jarumi ya tambaye ni da wane sihiri na yi, na ce ya je ya taya uwarsa daka.

Mayafin ya yi aiki. Na bi ta tsakiyar dakaru ba wanda ya waiwayo. Ashe suna da wani karen tagulla a bayan ƙofa mai shinshinar kayan da aka ɗauka. Kwanukan nan kuwa suna jakata, na wanke su tas a kogi, ina jiran ranar da zan mayar wa mai su da hannuna. Karen ya yi haushi ɗaya, mayafin ya narke kamar man shanu a rana. Sai rijiya.

Ban daddara ba. Akwai wani kunkuru a ƙasar, girmansa ya kai unguwa, kasuwa guda ake ci a bayansa, yana shiga birnin sau ɗaya a mako. Na tare shi a mashaya, na hau ta ƙafar baya, na sami rumfar mai tukwane na shige cikin wata randa na ja murfi. Warin kifi da daddawar kasuwar ya rikita karen. Haka na shiga Sarmadan a cikin randa kamar tsimi.

Na bi lungu har gindin katangar gidan. A karon farko cikin mako biyar na ji muryar jikata a wannan duniyar, daga kan soro.

Tana cewa, "Kaka Turai, ke kaɗai ce ba kya saɓa mini. Tsohuwa kam ina ga ta gaji da ni. Ga shi Juma'a mai zuwa ce ta ƙarshe, za mu fara aikin asibiti, wata shida ba zan samu shigowa ba."

Malama ta ce, "Ki ƙara mata haƙuri."

Haƙuri! Ita ce ma za ta roƙa mini haƙuri wurin yarinyar da na tauna wa abinci. Na buɗe baki zan kira sunanta, sai na tuna abin da ke lilo a kaina. Kafin in yanke shawara ƙararrawa ta yanke mini. Suka ɓullo ta gaba da baya. Na taka tulin itace na hau rufin maƙwabta, na yi ta tsallake soraye suna bina, har na iso marina. Na faɗa cikin rijiyar baba, na nutse, na bi ta magudanar da ke ƙarƙashinta, ta zubar da ni a kogi. Kogin nan mai hawa sama ya ɗauke ni ya ajiye a kan dutse, shuɗiya tun daga kai har ƙafa. Ranar ce kaɗai na tsira daga hannun dakarun da raina. Na kife wayar a kan tabarma, na yi kukan da rabona da shi tun rasuwar Malam maigidana.

Juma'ar ƙarshe na shiga tun kafin la'asar ta yi sanyi. Ban je ƙofa ba, ban hau tudu ba. Na zauna a bakin rijiya, taɓarya a hannu, ba dabarar da ta rage mini. Sai na ji takun kofato. Farar barewa ce.

"Salamu alaikum, Hajiya."

"Wa alaikumus salam, Malama. An fito shan iska?"

Muka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ta tambayi ƙafata, na tambayi hawan jininta, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya. Ko sau ɗaya ba ta ɗaga ido ta dubi abin da ke kaina ba. Sai da gaisuwa ta ƙare ta ce, "Hajiya, hotonki yana manne a ƙofar birni mako shida ke nan."

Na ji kamar ƙasa ta tsage. Na ce, "Yarinyar ta gani?"

"Ba ta gani ba. In muna tare nakan tsayar da barewar a gabansa."

Ka ji fa. Har rufin asirina ma sai da ta fi ni iyawa. Na ce, "An gode," da murya kamar ta mai haɗiyar maɗaci.

Ta ce, "Kin san abin da dakarun nan suke faɗa in sun rugo?"

"Zagi mana."

"Cewa suke ki ajiye makami. Tun ranar farko abin da suke faɗa ke nan. Muddin yana hannunki, ba za su fasa ba ko shekara za a yi. In kika rataya shi a baya kika durƙusa, ba mai taɓa ki. Za su karɓi kayan, su kulle ki yini ɗaya na nan, awa ɗaya ke nan a agogonmu, sai jan ya goge."

Na ce, "Awa ɗayar ai ita ce duk abin da ya rage mini da ita."

"To ki zaɓa, tudu ko kurkuku. Kurkuku dai ana jin murya."

"Ni in durƙusa wa yaran nan? A kan na wanke wa ƙazami kwano?"

Sai Malama ta sauko daga barewar. Ban taɓa jin muryarta ta tashi ba sai ranar. Ta ce, "Hajiya, mako shida ina zaune a soron nan ina jin labarin miyar kukarki. Yadda kike mata kitso, yadda kike zaginta in ta ƙi cin tuwo, waƙar da kike mata in zazzaɓi ya kama ta. Ni ko sau ɗaya ba ta ce ga abin da na taɓa yi mata ba, sai dai in gyara mata Turanci. Na gaji. Ki zo ki ji abinki da kunnenki."

Ba zan ɓoye ba, wani sanyi ya ratsa ni har tafin ƙafa, Allah ya yafe mini.

Na yi kada, na yi randa, na yi rijiyar baba, duk ba wanda ya kai wannan wuya. Muka doshi ƙofa. Suka hango ni, suka rugo su goma sha biyu, masu a miƙe. Babban yatsana yana kan gilashin wayar, shi dai so yake ya kai duka. Malama tana bayana tana cewa, "Rataya, Hajiya. Rataya." Na rataya. Na durƙusa a cikin ƙura. Na rufe ido a can, na rufe a nan.

Shiru. Da na buɗe, tsinin mashi yana tsaye taki ɗaya daga hancina. Babbansu ya miƙo hannu, na zuba masa kwanuka bakwai suna ƙyalli. Na ce, "Ka gaya wa mai su haka ake barin kwano." Bai ko kalle ni ba.

Suka sa ni a gaba. Malama ta ce ta aika wa Juwairiyya saƙo ta same mu a kurkuku. Na tsaya cak. Na ce, "Wato za ta zo ta tarar da ni a bayan ƙarfe, ke kuma kina waje cikin farar riga."

Ta dube ni. Muna daidai rumfar wani mai kayan miya. Sai matar nan, shugabar makaranta ta shekara talatin, wadda ta kori yara a kan satar alli, ta miƙa hannu ta ɗauki albasa ɗaya, ta ɗaga ta sama a gaban babban dakarun kamar mai nuna wa aji. Ƙararrawa ta ɗauka. Ta tattara rigarta ta durƙusa a natse, ko ƙura ba ta taɓa ta ba.

Aka kulle mu ɗaki biyu masu kallon juna. Nata har da taga. Nawa kuwa ɓera ne a ciki.

Ba a jima ba muka ji gudu a matakala. Koriyar riga ta bayyana, ta dubi dama, ta dubi hagu, ga kakanninta biyu kowace da jan tabo a ka. Ta ce, "Tsohuwa!" Ni ta fara kira, a rubuta wannan. Sannan dariya ta kama ta har muka ji wayarta ta faɗi ƙasa can a Masar. Da ta ɗauko ta ce, "Me kuka yi?"

Malama ta ce, "Albasa."

Na ce, "Ni wanke-wanke."

Na ba ta labari tun daga burodi har rijiyar baba, ban rage komai ba. Tana dariya, sai kuma na ji dariyar ta canza. Ta ce, "Wallahi na zaci kin gaji da ni."

Na ce, "Ke da Allah rufe mini baki. Sau goma sha tara aka kashe ni a kanki. Kina cin abinci kuwa? Muryarki ta rame."

Ta zauna a ƙasa tsakanin ɗakunan biyu. Na auna da ido, ta fi kusa da na Malama da kamar taki ɗaya, amma fuskarta ni take kallo, sai na bar maganar. Muka yi awa guda cur. Ta ba mu labarin malamarsu mai faɗa, da yadda ta fara yi wa lemo allura kafin a ba ta hannun mutum. Ta sa na yi mata waƙar zazzaɓi, na yi, a gaban suruka da wani mai hular tagulla. Malama ta ce ashe muryata ba laifi. Na ce ai da can ba a tambaya ba.

Da lokaci ya yi, jan ya goge daga kanmu, ƙofofin suka buɗe da kansu. Juwairiyya ta ce tana da lambu a bayan gida, layi goma sha biyu na wani fure da take reno, in ya kwana uku ba ruwa mutuwa yake. Ta bar mana gidan a buɗe mu biyu, mu riƙe mata shi har ta dawo. Ta rungume Malama, ta rungume ni, nawa ya fi daɗewa. Sannan ta ɓace daga inda take tsaye, muka rage mu biyu a ƙofar kurkuku. Malama ta ce gobe in ta karya za ta leƙo lambun, wajen ƙarfe tara. Na ce Allah ya kai mu.

Washegari ina idar da sallar asuba na cire wayar daga caji, ko koko ban dama ba. Na wuce dakarun ƙofa da taɓarya a baya, na gaishe su, ba su amsa ba. Na sami lambun, na ɗebi ruwa na bi layi goma sha ɗaya, na cire ciyawa, na gyara wanda ya kwanta. Na goma sha biyun, na can ƙarshe inda inuwa take, shi na bar wa Malama a bushe, na ajiye mata bokitin a gefensa cike da ruwa.